Hotunan waya na zama kundin tarihin Nijar, amma wa ke adana su?

A ranar 3 ga watan Satumban 2024 ne tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram ya rushe bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ginin ƙasa ne da aka yi tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma kafin gari ya waye hotunansa sun karaɗe shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp, daga Yamai har zuwa wajen 'yan ci-rani a Libiya, Gana da Faransa. Da yawa daga cikin hotunan da suka nuna masallacin yana tsaye, masu wucewa ne da masallata suka ɗauka da wayoyinsu. A yau duk mai son sanin yadda ginin yake, dole ya haɗa da irin waɗannan hotuna.

Wannan ya nuna matsayin da ɗaukar hoto na sha'awa ya kai a Nijar. Abin da matasa ke yi don nishaɗi, wato ɗaukar faɗuwar rana a kogin Isa, ko hasumiyar masallacin Agadas, ko cunkoson babbar kasuwar Maraɗi, ya fara zama shaidar yadda garuruwan ƙasar ke sauyawa. Sai dai shaida ce da ba ta da ma'aji.

Gadoji na cikin wuraren da suka fi jan masu hoto. A Yamai, gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ita kaɗai ta haɗa ɓangarorin birnin biyu har tsawon shekara 40, kafin gada ta biyu da Sin ta gina ta fara aiki a 2011, sannan ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021. Duk wanda ya jera hotunan da aka ɗauka daga kan waɗannan gadoji shekara bayan shekara zai ga abin da rahoto ba ya nunawa: yadda yashi ke cike kogin da rani, da yadda gidaje ke matsowa bakin ruwa, da kuma inda ambaliyar 2020 ta kai a unguwannin Harobanda. Haka ma gadar da ta haɗa Gaya da Malanville. Tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023 da rufe iyaka da Benin, hotunan gadar a toshe da na jama'a suna tsallaka ruwa a cikin jiragen kwale-kwale sun bayyana wa 'yan ƙasar da ke waje halin da ake ciki fiye da kowace sanarwa.

A fannin namun daji kuwa, filin ɗaukar hoton ne ke ƙara ƙuntata. Raƙuman dawa na Kure, mai nisan kusan kilomita 60 daga Yamai, su ne na ƙarshe irinsu a Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 kacal suka rage, amma aikin kariya ya sa suka haura 600, har aka kwashi takwas zuwa gandun Gadabeji na jihar Maraɗi a 2018. Hotunansu sun taimaka wajen janyo baƙi, kuma jagororin yankin na samun abin sakawa a bakin salati. Harin 9 ga watan Agustan 2020, wanda ya hallaka Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, ya karya wannan harka. Gandun dajin W, da ke cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1996, shi ma ya zama wurin da 'yan bindiga ke kai-komo. Tun da baƙi masu manyan kyamarori suka ja baya, manoma da makiyaya da ɗaliban yankunan ne suka rage masu ganin dabbobin yau da gobe, kuma wayoyinsu ne ke shaida cewa suna nan.

To amma hoton waya na da rauni uku. Na farko, yawanci yana yawo babu kwanan wata, babu sunan wuri, babu sunan mai shi. WhatsApp na rage ingancin hoto tare da goge bayanan da wayar ta maƙala masa, sai dai idan an tura shi a matsayin fayil. Shi ya sa a kowace damina ake ganin hoton tsohuwar ambaliya, wani lokacin ma na wata ƙasa, ana cewa na jiya ne a Tawa ko Maraɗi. Ɗan ci-ranin da ya gani sai hankalinsa ya tashi, ya kira gida ko ya aika kuɗi a kan labarin da ba shi da tushe.

Na biyu shi ne ajiya. Waya na ɓata, ana sace ta, katin ajiya na lalacewa, shafi na iya rufewa dare ɗaya. Hotunan da marigayi Philippe Koudjina ya ɗauka na rayuwar Yamai a shekarun 1960 da 1970 sun kawo yau ne saboda akwai fim da takarda da za a riƙe a hannu. Abin mamaki, ana iya wayar gari hotunan wancan zamani sun fi na 2024 sauƙin samu, duk da cewa na yanzu sun ninka su yawa.

Na uku shi ne doka. Gada, filin jirgin sama da barikin soja wurare ne da jami'an tsaro ke sa wa ido, kuma a halin da ƙasar ke ciki ba za a ce ba su da hujja ba. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda hukumomin mulkin soja suka yi wa gyara a watan Yunin 2024, suka tanadi ɗaurin shekara biyu zuwa biyar ga wanda ya yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. Matsalar ita ce matashin da ya ga tsagewa a jikin gada, ko hanyar da ruwa ya cinye, ba shi da tabbacin inda layin ya tsaya. Idan tsoro ya sa ya mayar da wayar aljihu, al'umma ta yi asarar gargaɗin da zai iya ceton rai.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Mai hoto ya riƙa rubuta gari, unguwa da rana a ƙarƙashin kowane hoto, ya ajiye na asali a wuri biyu, ya nemi izini kafin ya ɗauki fuskar mutum, ya kuma guji bayyana takamaiman inda dabbar da ke fuskantar mafarauta take. Kafofin labarai su daina kwasar hotunan matasa ba tare da ambaton suna ba. Hukumomin tsaro kuma su fayyace a fili wuraren da aka hana ɗauka, don kada hukunci ya rataya ga ra'ayin jami'in da ke bakin aiki.

Babban nauyin yana kan cibiyoyi. Gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, da jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, da ofisoshin magadan gari za su iya buɗe rumbun da jama'a za su riƙa kai hotunansu da cikakken bayani. Tsofaffin gine-ginen ƙasa na Birni da na tsakiyar Agadas na fuskantar damina mai ƙarfi kusan kowace shekara, kuma ba duka ne za su tsira ba. Tattara hotunansu tun suna tsaye ya fi sauƙi a kan bin wayoyin mutane bayan sun faɗi.