Da Wace Ƙasa Za a Gyara Ƙahon Bijimin Laka?

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Bukkuyum ya san shanun laka. Yaro kan ɗebo yumɓu, ya gina bijimi da tozonsa da ƙahoninsa, ya kewaye shi da shingen kara, har ya tsayar da makiyayi riƙe da sanda. In ƙaho ya ɓalle ba a yar da bijimin. Sai a soka tsinke a ciki, a jiƙa bakin karayar da miyau, a shafe da sabuwar laka, a shanya. In ya bushe a yi masa roɗi-roɗi da farar ƙasa da gawayi. Yawancinmu mun yi wannan gyara tun ba mu san riƙon alƙalami ba.

Turawa ma suna da irin wannan wasa, sai dai su manya ne ke yinsa bisa tebur. Tun 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya wallafa littafin Little Wars, na ƙa'idojin yaƙin wasa da 'yan sojojin ƙarfe. Har yau masu wannan sha'awa sukan huda ɗan mutum-mutumin da ya karye, su sa waya, su liƙe, sa'an nan su bi shi da fenti shafi bisa shafi. Abin lura kuwa shi ne da dalma ake zuba sojojin nan a da. Kamfanin Britains ya daina yin na dalma a 1966, Amurka kuma ta hana fenti mai dalma a gidaje da kayan wasan yara a 1978.

Mu ba daga kanti dalmar ta zo mana ba, a tsakar gida ta same mu. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na ta mutuwa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, irin su 'Yargalma da Dareta. Duwatsun zinariya ne ake niƙawa a cikin gidaje, alhali cike suke da dalma. Ƙurar ta kwanta a ƙasa, yara suna rarrafe a kai. Kimanin yara 400 suka rasu. An kankare ƙasar saman gidajen an zuba sabuwa, amma ta Bagega sai a 2013 aka yi.

To, a sake duba gyaran ƙahon nan: yatsa daga laka zuwa baki, daga baki zuwa laka. Dalma ba ta da wari, ido ba ya ganinta, shanya ko gashi ba sa kawar da ita, kuma ƙwaƙwalwar da ta taɓa ba ta komawa daidai.

Wasu 'yan boko za su ce a hana wasan laka ɗungurungum, a sayo na roba. Lalle ba mu yarda ba. A wannan wasa yaro ke koyon awo da haƙuri, ya kuma gane cewa abin da ya karye yana gyaruwa. Ban da haka, wa ya gwada na robar? Haka kuma masu miƙa wa yaro ragowar fentin mai don su burge shi, su sani launin rawaya da ja su ne aka fi samun dalma a cikinsu.

Abin da muke nema ba ya cin kuɗi mai yawa. 'Yan'uwanmu da suka kama aiki a sashen lafiya na ƙananan hukumomi su matsa a gwada ƙasar wuraren da yara ke ɗiban yumɓu, a nuna wa masu unguwanni ramin da ya tsira, nesa da injin niƙan dutse. Mu ɗalibai kuwa, in mun koma hutu, mu zauna da ƙannenmu da ƙoƙon ruwa a gefe, domin a jiƙa karaya da ruwa maimakon miyau, a dama farar ƙasa da ƙaro don ta kama, kana a wanke hannu da sabulu kafin a zauna gaban akushi.