SHARHI: Korona ta lafa, amma me ta bari a ƙwaƙwalwar mutanen ƙasar Gumel?

Tun ranar 5 ga Mayu 2023, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire korona daga matsayin annobar gaggawa, zancenta ya mutu a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. A wurin likitocin ƙwaƙwalwa kuwa, da sauran rina a kaba.

Cutar ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Tana lalata ƙwayoyin da ke tallafe da jijiyoyin jin ƙamshi a cikin hanci, shi ya sa majinyaci kan daina jin ƙamshin miya. Tana sa jini ya daskare ya toshe hanyarsa zuwa ƙwaƙwalwa, abin da ke haddasa shanyewar ɓarin jiki. Garkuwar jiki ma, in ta wuce gona da iri wajen yaƙar cutar, takan jawo kumburin da ke taɓa tunani da jijiyoyi.

A Afrilun 2021 masana na Jami'ar Oxford da ke Ingila sun duba bayanan mutum 236,379 da suka kamu. Kusan ɗaya cikin uku an gano masa lalurar jijiya ko ta tunani cikin wata shida, mafi yawa fargaba da damuwa. Wani binciken a 2022 ya nuna ƙwaƙwalwar wasu ta ɗan ragu, ko da ba su kwanta asibiti ba.

Matsalarmu ita ce gwaji bai kai ga mafi yawan jama'a ba. Ko a birnin Kano sai daga baya Ministan Lafiya na wancan lokacin, Osagie Ehanire, ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-mace 979 na Afrilun 2020 na iya zama na korona. To ina ga ƙauye, ko kasuwar Alhamis ta Maigatari, inda fatake daga Nijar da kudancin Nijeriya ke cuɗanya? Wanda ya sha zazzaɓi a gida ya warke ba zai danganta mantuwa, kasala ko rashin barcin da suka biyo baya da korona ba. Dattijo a ce tsufa ne, matashiya a ce iska ce, kuɗin magani ya tafi inda ba zai yi amfani ba.

Ba kowace mantuwa ce korona ba. Hawan jini da ciwon sukari sun fi ta yawa. Amma duk a ɗaki ɗaya ake gano su. Abin da ake bukata shi ne ma'aikatan asibitocin mazaɓu su san alamomin, su auna jini, su tura mai tsanani babban asibitin Gumel, ko Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Matasan da ke bibiyar kasafin kuɗin Jigawa su tambayi wakilansu a majalisa: nawa aka ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙananan hukumomin nan huɗu, kuma nawa ya fita?