Kada a Auna Talaucin Tsoho da Gidan Ɗansa

Akwai wata magana da nake yawan ji daga masu bugo waya a shirina duk ranar da aka taɓo tallafin tsofaffi, wai tsohon da ke zaune a gidan ɗansa ba ya cikin mabuƙata, tunda yana da inda zai kwana kuma ana kai masa tuwo. Ni ban yarda da ita ba, kuma ina ganin ranar da hukuma ta ɗauke ta a matsayin ma'auni, mu ne za ta fara yanka.

A shekarar 2007 Gabon ta kafa asusun inshorar lafiya na CNAMGS, ta ware sashe guda domin ’yan ƙasa masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ake kira GEF. Ma'aunin a bayyane yake: ɗan ƙasar da abin da yake samu a wata bai kai mafi ƙarancin albashi ba, wato sefa 80,000. Wanda ya shiga rajista, asusun yana ɗauke masa kashi 80 cikin ɗari na kuɗin magani, kashi 90 idan ciwon mai daɗewa ne. Ga dattijo mai hawan jini ko ciwon suga, wannan kati shi ne tsakaninsa da sayar da ’yan kayan ɗakinsa. Ma'aunin ya dubi abin da ke shiga hannun mutum. Masu waccan magana kuwa so suke mai bincike ya dubi siminti da firji da talabijin na gidan da ya tarar da shi.

To, su waye tsofaffinmu a Libreville? Mahauta ne da teloli da masu gadi da ’yan tebur na kasuwar Mont-Bouët, waɗanda suka yi shekara talatin ko arba'in suna nema ba tare da wani ya zuba musu ko sisi a CNSS ba. Ƙalilan da suka yi aikin kamfani ne ke karɓar fansho, shi ma sau da yawa kuɗin haya bai kai ba. Idan ƙarfi ya ƙare, ɗa ko ’ya su ɗauke shi zuwa gidansu, domin a wurinmu barin uba shi kaɗai a ɗakin haya abin kunya ne. Firjin na surukarsa ne, talabijin na jikoki. Shi kuwa sau nawa zai buɗe baki ya ce wa ɗansa magani ya ƙare? Wanda ya san kunyar dattijon Bahaushe ya san zai raba ƙwaya biyu ya sha rabi kafin ya yi roƙo na uku.

Mun ga inda wannan hanya take kaiwa. A Amurka, tallafin SSI da ake ba tsofaffi marasa galihu ana zabtare masa kashi ɗaya cikin uku idan mutum yana zaune a gidan wani kuma ana ciyar da shi a can. Wato ɗan da ya rungumi mahaifiyarsa ya jawo mata asara, wanda ya yasar da tasa ya bar mata kuɗinta cif. Faransa, wadda muke kwaikwayon dokokinta a abubuwa da yawa, ta fi hankali a nan: a tallafinta na ASPA ana haɗa kuɗin miji da mata, amma taimakon da ’ya’ya ke yi wa iyaye don raɗin kansu ba a lissafa shi. Idan har kwaikwayo za a yi, ga abin kwaikwaya.

Za a ce mini kuɗin asusu ba shi da yawa, kuma akwai masu hali da suka kutsa cikin rajista. Gaskiya ne, a tsamo su. Mai gidajen haya da mai shaguna ana gane su ta dukiyar da ke ɗauke da sunansu, ba sai an leƙa kicin ɗin ɗan wani ba. Za a kuma ce ciyar da iyaye wajibi ne a kan ɗa. Wajibi ne, kuma yana yi, shi ya sa tsohon yake gidansa. Amma ɗan tasi mai ’ya’ya shida da ya ƙara uba a kan nauyinsa ya riga ya rage wa gwamnati aiki. Sakayyarsa ita ce a hana uban katin magani?

Kada mu manta da wanda ke cika asusun. Da farko harajin kamfanonin waya ne da na kuɗin da ake aikawa ƙasashen waje, daga 2017 kuma aka koma harajin kashi 1 cikin ɗari a kan kayayyaki da hidimomi. Kowane gida da ke riƙe da tsoho yana biyan wannan haraji.

Saboda haka ina kira ga limamanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu: ku ƙirga tsofaffin da ke da takardun ɗan ƙasa amma ba su da kati, ku raka su yin rajista, ku tsaya a tambaye su abin da suke samu su da kansu. Masu bugo mini waya kuma, kafin ku sake cewa wane yana cikin daula a gidan ɗansa, ku tambaye shi yaushe rabonsa da sayen magani da kuɗin aljihunsa.