Wa Zai Ƙirga Waɗanda Suka Rayu?

Jama'a, mu mutane ne da ba mu yin kuka sai mun ga makara. A farkon 2010 agwagi suka yi ta mutuwa a wasu ƙauyukan Zamfara, ba wanda ya tambayi dalili, domin wa ke zaman makokin agwagwa? Ashe gargaɗi ne. Ba a jima ba yara suka shiga jijjiga suna mutuwa a Dareta, 'Yargalma da maƙwabtansu, cikin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Kafin a farga, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400.

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne. Duwatsun da ake haƙowa domin zinariya cike suke da dalma. Aka riƙa kawo su gida ana daka su, ana niƙa su, ƙurar tana bin tsakar gida. Agwagwa ta yi kiwo a ƙasar nan, jariri ya yi rarrafe a kanta ya kai hannu baki. Jikin yaro kuwa yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba.

To, ga inda nake da ja da hukuma, da mu kanmu masu taƙama da ilmi. Mun ƙirga kaburbura, mun yi jaje, mun koma harkokinmu. Ina dubban yaran da suka sha gubar suka rayu? Dalma tana hana ƙwaƙwalwa girma yadda ya kamata. Tana kwanciya a ƙashi shekara da shekaru, har idan yarinya ta girma ta yi ciki, ta fito ta shiga jikin ɗan tayi. Magani yana rage ta a jini, amma ba ya mayar da basirar da ta riga ta ci. Yaran 2010 yanzu samari ne da 'yammata. Wanda ya kasa karatu a cikinsu daƙiƙi za a kira shi, malami ya zane shi, alhali cutarsa aka yi.

Wani zai ce laifin mahaƙa ne. Haba! Talakan da noma ya kasa ciyar da shi, ba a taɓa faɗa masa akwai guba a dutsen ba, shi za a ɗora wa jakar tsaba? Kuma shin shi ya sa Bagega ta jira har 2013 kafin a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta? Shi ya sa aka maimaita bala'in a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015, inda yara 28 suka rasu?

Hani da baki ba ya cika ciki. A koya wa mahaƙa yin aikin nesa da gidaje, a riƙa gwada jinin yara da na masu ciki, a tanadi malamai na musamman domin waɗanda gubar ta taɓa. Mu kuma ɗalibai, wannan bayani mu kai shi ƙauyukanmu da Hausar da kakanninmu za su gane. In mun yi shiru, to digirinmu ado ne kawai.

Allah ya sa mu gane.