Danny Glover da fim ɗin Toussaint da har yau bai fito ba

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Maraɗi ko Damagaram ya san fuskar Danny Glover, ko da sunan ya ɓace masa. Shi ne ɗan sandan nan mai iyali da ke fama da rigimar Mel Gibson a L'Arme fatale, fim ɗin da ya fito a 1987 kuma aka yi masa kashi huɗu zuwa 1998. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutumin ya kwashe shekaru masu yawa yana neman kuɗin fim guda da yake son ya ba da umarni da kansa, kuma har yau bai yi shi ba.

An haife shi a San Francisco a 1946, iyayensa ma'aikatan gidan waya ne masu fafutikar haƙƙin baƙar fata. Yana cikin ɗaliban da suka yi yajin wata biyar daga 1968 a jami'ar San Francisco State, har aka buɗe sashen nazarin tarihin baƙar fata. Siyasa ta riga wasan kwaikwayo shiga rayuwarsa. A 1987 ɗin da ya yi suna da bindiga, ya kuma fito a matsayin Nelson Mandela a wani fim na talabijin, lokacin Mandela na tsare a kurkuku.

Burinsa shi ne Toussaint Louverture, wanda aka haifa bawa kuma ya jagoranci tawayen bayi a tsibirin da ya zama Haiti. Sojojin Napoleon sun kama shi da yaudara a 1802, ya mutu a kurkukun Fort de Joux cikin sanyin duwatsun Faransa a 1803, mutanensa suka ƙarasa yaƙin suka ayyana ƴancin kai ranar 1 ga Janairu 1804. Labari ne da yake da komai: yaƙi, cin amana, nasara. Amma Glover ya sha faɗin cewa masu zuba kuɗi a Amurka da Turai sukan yaba labarin, daga nan sai su tambaye shi ina jaruman fararen fata. Babu su, domin a wannan tarihin Turawa ne aka ci da yaƙi.

Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Hollywood ta sha yin fina-finan bauta, sai dai ta fi son bawan da ake duka ko wanda wani Bature mai tausayi ya ƴanta. Bawan da ya ɗauki makami ya kori ubangidansa ba ya samun mai saye da sauƙi.

To amma ba a nan labarin ya tsaya ba, kuma a nan ne ya kamata masoyan Glover su yarda da abin da ba shi da daɗin ji. A 2007 majalisar dokokin Venezuela, zamanin Hugo Chavez, ta amince a ba fim ɗin kusan dala miliyan 18. Masu shirya fim na ƙasar suka yi ca, suna cewa kuɗin zai isa a yi nasu fina-finan da dama. Suna da hujja. Kuma duk da haka ba a ɗora kyamara ba, saboda an tsara aikin a kan kusan dala miliyan 30, da manyan taurari da filayen daga irin na Hollywood. Wato Glover ya so ya ba da labarin da Hollywood ta ƙi, amma da tsadar Hollywood. Wanda ya ɗaure kansa da wannan ma'auni dole ya koma ƙofar waɗanda suka kore shi.

Abin mamaki, shi da kansa ya riga ya ga wata hanyar. A 2005 ya kafa kamfanin Louverture Films tare da Joslyn Barnes, kamfanin kuma ya sa hannu a fim ɗin Bamako na Abderrahmane Sissako da ya fito a 2006. A tsakar gidan mahaifin Sissako, a unguwar Hamdallaye, aka kafa kotu aka gurfanar da Bankin Duniya da asusun FMI. Lauyoyin na gaske ne, cikin masu ba da shaida har da Aminata Traoré, tsohuwar ministar al'adun Mali. Ana shari'ar bashin da ya shaƙe Afirka, mata na rini a gefe, yara na wucewa, ana ɗaura aure. Glover ma ya ɗan leƙo a ciki, da hular kaboyi, a wani guntun fim na barkwanci da aka sa a Tumbuktu. Ba sojoji dubu, ba jiragen ruwa, amma fim ɗin ya je bikin Cannes, kuma duk wanda ya ga yadda tsarin tsuke bakin aljihu ya yi wa makarantu da asibitocin Sahel ya gane kansa a ciki.

Za a iya cewa yaƙin Haiti ba ya shiga tsakar gida. Wataƙila. Sai dai watannin ƙarshe na Toussaint a ɗaki guda suka wuce, yana rubuta wa Napoleon takardun da ba a amsa ba. Darakta mai dabarar Sissako zai iya fitar da fim daga wannan ɗakin.

Ana cikin jiran Glover, a 2012 tashar France 2 ta nuna nata Toussaint Louverture kashi biyu, da Jimmy Jean-Louis ɗan Haiti a matsayin jarumin. Talabijin ɗin ƙasar da ta kulle Toussaint, wadda kuma ta ɗora wa Haiti diyyar faran miliyan 150 a 1825, ita ce ta riga shi ba da labarin. A 2022 masu ba da kyautar Oscar sun karrama Glover saboda ayyukansa na jin ƙai, yana da shekara 75, ba tare da fim ɗin nasa ya fito ba.