Nonon Gudummawa Ga Bakwaini: A Fara Da Rajista Kafin A Sayi Firji

A duk babban asibitin da ke da ɗakin kula da jarirai akwai matsalar da likitoci suka daɗe da saba da ita, amma ba a cika jin ta a teburin tsara kasafi ba. Za a haifi jariri a wata bakwai, nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, a saka shi a kwalba, uwar kuwa tana kwance bayan tiyata ko jijjiga, ruwan nono bai zo ba. Wani lokaci ma ta rasu. Abin da ke hannu a irin wannan hali shi ne madarar gwangwani, kuma hanjin bakwaini bai shirya karɓar ta ba.

Akwai cutar da ke ruɓar da hanjin irin waɗannan jarirai, wadda kan kai ga tiyata ko ajali cikin 'yan kwanaki. Binciken da aka tattara daga gwaje-gwaje da dama ya nuna haɗarinta ya kusa ninkawa ga bakwainin da aka ba madarar gwangwani, idan aka kwatanta da wanda aka ba nonon wata mace. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan nonon uwa bai samu ba, abin da ke biye da shi shi ne nonon gudummawa da aka tantance. A ƙiyasin hukumar na 2020 an haifi bakwaini miliyan 13.4 a duniya, kuma Najeriya ce ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan.

Aikin ba mai wuyar fahimta ba ne. Ana gwada jinin mai bayarwa don gano ƙanjamau, ciwon hanta da tunjere. Ana ɗumama nonon a zafin digiri 62.5 na minti 30, a sake gwada shi, a daskarar. Brazil, wadda ta fara tun 1943 a Rio de Janeiro, yau tana da irin waɗannan rumbuna sama da 200, har ma'aikatan kashe gobara kan bi gida-gida su karɓo nonon a wasu biranenta. Kenya ta buɗe nata a asibitin haihuwa na Pumwani da ke Nairobi a 2019. Don haka ba a rasa wurin koyo ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun 'yan'uwantakar shayarwa, kuma duk mai rubuta wa minista takarda a kan wannan shiri ya kamata ya fara daga nan. A Musulunci shayarwa tana haramta aure kamar yadda jini ke haramtawa. Hukuncin yana cikin aya ta 23 ta Suratun Nisa'i. Mazhabar Shafi'iyya ta gindaya shayarwa biyar, amma Malikiyya, wadda akasarin Musulmin Najeriya ke bi, ta ce ko sau ɗaya ya wadatar, kuma ba sai jaririn ya kama mama ba: matuƙar nonon ya isa cikinsa, ko da ɗura aka yi masa, hukuncin ya hau. Ke nan bakwainin da ake ciyarwa ta roba bai tsira daga wannan hukunci ba. Tsarin Turai da Amurka kuwa yakan gauraya nonon mata da yawa a tukunya ɗaya, ya kuma ɓoye sunayensu. A kan haka ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta hana kafa irin waɗannan rumbuna a zamanta na Jidda a 1985.

Mai ganin wannan a matsayin taurin kai bai fahimci damuwar ba. Uban da ke tsoron kada wata rana ɗansa ya auri ƙanwarsa ta nono bisa rashin sani yana da hujja a addininsa, kuma ba laccar likita ce za ta gusar da ita ba. Sai dai abin da fatawar ta ƙi shi ne cakuɗewar nasaba. Ita kanta shayar da ɗan wata sananniyar al'ada ce, Halimatus Sa'adiyya ta shayar da Annabi (SAW), kuma a gidajen Hausawa idan uwa ta rasu akan sami 'yar'uwa ko maƙwabciya ta ɗauki jaririn, kowa ya san wace ce.

Ƙasashen Musulmi sun bi hanyoyi daban-daban. Iran ta buɗe rumbunta na farko a Tabriz a 2016. Hukumar addinin Musulunci ta Singafo ta halatta wa bakwaini amfani da nonon rumbu a 2017. A Maleshiya, asibitin Jami'ar Musulunci da ke Kuantan ya kafa cibiyar da ke rubuta wace ce ta ba wa, domin iyalai biyun su san juna. Darasin da ya fi kusa da Najeriya shi ne na Karachi: a watan Yunin 2024 aka buɗe rumbu a can bisa fatawa, malaman suka sake nazari suka janye, aka dakatar da shirin cikin 'yan makonni. Waɗanda suka ga yadda allurar shan-inna ta tsaya cak a Kano a 2003 sun san tsadar ƙaddamar da shirin lafiya kafin a shawo kan jama'a.

Abin da ya dace da Najeriya shi ne tsarin mai bayarwa sananniya: ba gauraya, mace ɗaya ko biyu ga jariri ɗaya, da amincewar iyayensa da ta mijin mai bayarwa a rubuce, kowane ɓangare ya tafi da takardar shaida. Wannan ya fi tsada kuma ya fi jinkiri, domin wani dare za a sami jariri ba a sami wadda aka haɗa shi da ita ba. Duk da haka, rumbun da iyaye suka yarda da shi ya fi wanda aka yanka wa kintinkiri aka bar firjinsa cike.

Gaskiya mai ɗaci ita ce rajistar ta fi injin wuya. Dole ta rayu shekara 20 ko 30, har lokacin neman aure, a ƙasar da fayil kan ɓace tsakanin hawa na biyu da na uku na sakatariya. Don haka bai kamata a bar ta a littafin nas mai kula da ɗaki ba. A ɗaure ta da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da lambar NIN ta mai bayarwa. Ma'aikatar Lafiya ta fitar da ƙa'idoji, ta fayyace ko NAFDAC ce za ta sa ido ko wata hukuma irin ta kula da jini, ta kuma haramta saye da sayarwa, don kada talauci ya sa mace ta hana nata ɗan ta sayar wa asibiti. Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci da Jama'atu Nasril Islam su kasance cikin kwamitin tun daftarin farko, su sa hannu a kan abin da suka yarda da shi.

Kafin duk wannan ya kankama, akwai aikin da ba ya jiran fatawa. Mafi yawan iyayen bakwaini suna iya samar da nono idan aka koya musu tatsa tun sa'o'in farko, aka ba su gado kusa da jariransu, da abinci, da firji mai aiki da sola. Kowane asibitin koyarwa da cibiyar lafiya ta tarayya na iya saka waɗannan a kasafin baɗi, a layin da ake iya bin sawunsa.