A Ceci Waƙoƙin Da Ke Ajiye A Yamai

Tun shekarar 1958 da aka buɗe gidan rediyon Nijar ake ɗaukar muryoyin makaɗa a bisa zaren ɗaukar magana. Haka ita ma cibiyar CELHTO da aka kafa a Yamai a 1968 ta tara nata. A irin waɗannan ɗakunan ajiya ne ake neman muryar su Ɗan Gurmu na Tawa da Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram.

Amma zare ba ya jure zafi da ƙura, kuma yawancin masana'antu sun daina ƙera injunan da ke karanta shi. Ya wajaba a juye shi cikin kwamfuta. Aikin ba ya son gaggawa: zaren awa guda, awa guda yake ci, ban da sharewa da ɗinke inda ya tsinke.

Abin da ya fi wuya shi ne sunaye. Sau da yawa kwali ba ya ɗauke da komai sai lamba, wani ma gara ta cinye takardarsa. Wa ya yi waƙar, wane sarki ko manomi aka yi wa, a wane gari? Kwamfuta ba ta da amsa. Tsofaffin ma'aikatan rediyo da ƴan amshi ke da ita, su kuwa kullum raguwa suke.

Saboda haka ya kamata hukumar da ke kula da al'adu ta ware kuɗin zama da waɗannan dattawa tare da kuɗin injuna, a saurari kowane zare a gabansu, magatakarda na rubutawa.